Jirgin da bai fito a waya ba, na leƙen asiri ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Daga unguwar Bagalam nake, nan Maradi. Shekara biyu ke nan ina bin jiragen da ke ratsa samanmu da manhajar waya ta Flightradar24. Kwanan baya na ga wani mai sunan kira BAW, sai lamba da harufa biyu, bai yi daidai da lambar tafiyarsa ba. Washegari gab da magariba wani ya wuce da farin layi, na duba waya babu shi sam. Na ba da labari a fadarmu, yanzu ga saƙon murya yana yawo a WhatsApp wai jirgin leƙen asiri ne ya ɓad da kama, kuma ni ake cewa na gano shi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, na farkon ba abin tsoro ba ne. BAW kamfanin British Airways ne. A tikiti BA ake rubutawa, a rediyo kuma matuƙi Speedbird yake cewa. Haka Air Algérie: AH a tikiti, DAH a allon mai kula da zirga-zirga. Turkish TK ne da THY, Royal Air Maroc AT da RAM. Harufan da suka ruɗe ka da gangan kamfanoni ke sa su. Jirage biyu masu lamba kusan ɗaya, kamar 75 da 57, in suna kan mitar rediyo ɗaya, wani na iya amsa umarnin da aka ba ɗan'uwansa, ya hau ko ya sauka inda ba a ce masa ba. Shi ya sa ake cakuɗa lamba da harafi. In kana son sanin jirgin kansa, dubi lambar jikinsa, ita ce ba ta sauyawa daga tafiya zuwa tafiya, kuma farkonta ne ke nuna ƙasarsa: 5U namu ne na Nijar, 5N Najeriya, 7T Aljeriya, ET Habasha, G Ingila.

Na biyun shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an kawo mini irinsa. Wayarka ba rada ba ce. Jirgi na shelar sunansa da tsayinsa da inda yake a kan mitar rediyo ta megahertz 1090, ta tsarin da ake kira ADS-B, manhajar kuma tana tattaro wannan shela ne galibi daga ƙananan na'urori da masu sha'awa ke kafawa a rufin gidajensu. A Turai sun yi yawa kamar me. Mu nan, daga Agadas zuwa Dakwaro, nawa ka taɓa gani? Inda babu mai saurare, jirgi na iya wucewa da fasinja cike wayarka ba ta sani ba, ko ta zana shi bisa ƙiyasi a inda ya riga ya bari. Wasu kuma masu jiragen ne suka nemi a ɓoye su a manhajar, na soja ma ba dole su fito ba, ko namu ne.

Sannan ido na yaudara. Jirgin fasinja yana tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12, yana cin kusan kilomita 15 a minti guda. Wanda ka hango ƙasa-ƙasa ta kudu, kana rantsuwa a kan Maradi yake, mai yiwuwa ya wuce Ɗan Isa yana kan Jibiya, kai kuma kana nemansa a taswira a kan gidanku. Farin layin nan tururin ruwa ne daga injin, sanyin can sama, wanda ke wuce digiri 40 ƙasa da sifili, ya mai da shi ƙanƙara. Babu guba, babu feshi.

Na yi shekaru da abin saurare a kunne, kuma ina gaya maka jirgin fasinja ba ya shigowa samaniyar ƙasa kamar ɓarawon akuya. Tun bai tashi ba an shigar da takardar tafiyarsa. Masu kula na ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da aka kafa tun 1959, suna magana da shi daga Yamai, suna miƙa shi ga Kano idan ya kai iyaka. In wani ya shigo ba izini, su da sojoji ne za su fara sani, ba mai shayi a bakin titi ba.

Na san daga inda tsoron ya fito. An rufe samaniyarmu a watan Agusta na 2023, aka buɗe a Satumba, a watan kuma aka hana jiragen Faransa ratsawa. Tun lokacin kowa idonsa na sama. Amma wannan ne ma ya sa ƙaryar ta fi haɗari. Mutum bai san bambancin BA da BAW ba, ya ɗauki waya ya yi saƙon minti biyar da muryar masani, tsofaffi su kwana ba barci, mai ɗa a hanya ya shiga zullumi. Ranar da aka bi sawun maganar, shi ya goge nasa, sunanka ne ya rage. Kuma ranar da abu na gaskiya ya faru, jami'ai sun riga sun gaji da ihu. Ku ji tsoron Allah, ku masu turawa. Labari amana ne, za a tambaye ku.

Ka koma fadar yau, ka faɗa da bakinka cewa ba ka ce leƙen asiri ba ne, ka tura gyaran a guruf ɗin da saƙon ya shiga. Ka ci gaba da kallonka daga gida, da littafi kana rubuta lokaci da sunan kira da lambar jiki. Kada ka haska jirgi da fitilar leza, tana iya ɗauke wa matuƙi gani. Kada kuma ka je katangar filin jirgi ko kusa da bariki da kyamara sai da izini a rubuce. In ka ga jirgi ƙasa sosai yana kewaya wuri ɗaya, ka rubuta lokaci da inda ya dosa, ka kai wa jandarma da ƙafarka.