Mai ƙaramar masana'anta da daftarin manufar sababbin kayan ƙira

Wani mai masana'antar kayan gini ya rubuto cewa gwamnati ta fitar da daftarin manufa kan sababbin kayan ƙira, irin su siminti mai ƙarancin hayaƙi da robar da aka sake sarrafawa, ta kuma nemi ra'ayin 'yan kasuwa. Yana tambaya ko ya sa baki, ko kuwa manyan kamfanoni sun riga sun gama magana.

Ka sa baki, Alhaji, amma ka san inda za ka sa shi. Shafukan farko na irin wannan daftari buri ne kawai. Abin da zai taɓa aljihunka yana wajen ƙa'idar inganci, da sharuɗɗan sayayyar gwamnati, da batun wanda zai biya kuɗin gwaji.

Ƙa'idar inganci ita ce babba. Dubi simintin LC3, wanda masu bincike a Suwizalan da Indiya da Kyuba suka inganta: kashi 50 kilinka (gasasshen dunƙulen da ake niƙawa a yi siminti), 30 gasasshen yumɓu, 15 dutsen farar ƙasa, 5 jifsam. Ana gasa yumɓun a zafin kusan digiri 800, alhali kilinka sai ta kai 1450, shi ya sa hayaƙin simintin LC3 yake raguwa da kusan kashi 40 in aka kwatanta da simintin da aka saba. Duk da haka, ƙa'idar Turai ba ta ba irin wannan haɗi gurbi ba sai da EN 197-5 ta fito a 2021. Kaya komai kyansa, in ƙa'ida ba ta san shi ba, injiniya ba zai sa hannu ba. Saboda haka ka duba ko daftarin yana ƙayyade abin da za a zuba ne, ko aikin da kayan zai yi. Ka nemi na biyun, misali ƙarfin da bulo zai kai bayan kwana 28. Idan aka rubuta ƙa'ida bisa haɗin wani kamfani, to an rufe wa kowa ƙofa ke nan sai shi, kuma sau da yawa haka take faruwa ba don mugunta ba, sai don injiniyoyinsa ne kaɗai suka halarci zaman kwamitin.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ta ƙungiyar masu sana'arku za ka bi, ku nemi kujera a kwamitin fasaha na hukumar ƙa'idoji. A 1987 kamfanoni 14 na Amurka masu ƙera ƙwaƙwalwar na'urori suka haɗu suka kafa ƙungiyar bincike ta haɗin gwiwa mai suna SEMATECH, gwamnati tana ba da dala miliyan 100 a shekara, su ma suna zuba kwatankwacinta. Sun samu kunnen gwamnati ne domin sun zo da nasu kuɗin.

Takardarku kada ta wuce shafi uku. Ku ambaci lambar sakin da kuke magana a kai, ku rubuta yadda kuke so a sake shi kalma da kalma, sannan ku kawo hujja: tan nawa kuke sarrafawa a shekara, ma'aikata nawa, nawa gwaji ɗaya yake ci, wata nawa ake jiran sakamako. Jami'in da ke tattara ra'ayoyi ya fi saurin ɗaukar gyaran da zai kwafa kai tsaye. Takardar da ba ta ƙunshi komai ba sai kuka da roƙon tallafi, ajiye ta ake yi.

Ku dage kan ɗakin gwaji na haɗin gwiwa da ƙananan masana'antu za su yi haya, domin tsakanin samfurin jami'a da kayan sayarwa akwai shekaru 10 zuwa 20, kuma a nan jari yake ƙonewa. Ku nemi wa'adin sauyi na aƙalla wata 18 kafin sabuwar ƙa'ida ta fara aiki, don ku sayar da tsohon kaya ku gyara injina.

A kula da abu biyu. Ana yawan wallafa ra'ayoyin da aka karɓa, don haka sirrin haɗinka kada ya shiga takarda, ku ba da jimillar alƙaluman ƙungiya kawai. Sannan a zamanku kada a taɓo farashi ko rabon kasuwa, domin dokar gasa a ƙasashe da yawa tana hukunta hakan. Wa'adin karɓar ra'ayi yakan kasance kwana 30 zuwa 60, don haka a makon farko za ku fara tattara alƙaluman.