Layin da ke fitowa a hoton bayan shafi

Malam, ka tambayi dalilin da layuka ke bayyana duk inda hoton bayan shafinka na intanet ya maimaitu. Matsalar tana gefunan hoton ne, domin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, tana jera shi kamar tayil, kuma muddin gefen dama bai dace da na hagu ba, dole mahaɗar ta fito fili. Ka buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta Photoshop, ka gusar da shi rabin faɗinsa da rabin tsayinsa ta hanyar umarnin gusar da hoto mai suna Offset, sai gefunan su dawo tsakiya inda za ka gyara tabon da hannu. A ganina, ka kuma rage kaifin launin, domin zane mai hayaniya yana hana rubutu karantuwa, musamman a waya.