Amsa ga mai tambaya kan bibliyotek ɗin jami'a

Salamu alaikum ƙanena Sani, na ga tambayarka cewa ka shigo shekarar farko a jami'ar André Salifou nan Damagaram, kana son sanin ina ake jin labarin bibliyotek da yadda ake aron littafi. To gaskiya kar ka dogara da abin da ake turowa a gurup ɗin WhatsApp kaɗai, ka taka da ƙafarka ka duba takardun da ake mannawa a bakin ƙofa, lokutan buɗewa sukan canja in azumi ya kama ko an shiga bakansi. Ka riƙe katinka na ɗalibi a aljihu, ka gaida ma'aikacin da ke kan tebur ka ce masa kai sabo ne, shi zai faɗa maka kwana nawa ake ba da aro.

Abin da nake so ka kula da shi sosai shi ne lambar da ke manne a bayan littafi, in tsarin Dewey ne, wato tsarin raba littattafai gida-gida da lamba bisa fanni, to 300 zamantakewa ne da tattalin arziki da shari'a, 500 lissafi da kimiyya, 900 tarihi da jogarafi, in ka gane wannan ba za ka yi ta yawo tsakanin kantoci ba. Kuma ka tambayi inda ake aje memuwar, wato rubutun binciken ƙarshen karatu na waɗanda suka gama, wallahi suna da amfani tun yanzu.

Wanda ba ka samu ba ka leƙa Persée ko HAL a intanet, shafuka ne na rubuce-rubucen bincike, kyauta ne, akwai da yawa da Faransanci. Ka sauke a waya tun da kuran, kuma don Allah ka maido littafi kan lokaci, wani na jira.