Ɗan ƙaramin karena ya hana gida sakat: hauka ne ko hali?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wani abokin aikina da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar mini ɗan kwikwiyo, ya ce uwarsa Jack Russell ce, ubansa kuma Chihuahua. Na karɓa ne don na ga ɗan mitsitsi ne, ba zai yi wuyar riƙo ba, ga shi kuma ina fama da ɓeraye a sito. Yanzu watansa bakwai. Ɓeraye dai sun ragu, amma ya tone gindin shukokin maiɗakina kaf, ya kashe mana 'yan tsaki uku, ya tauna takalman yara, ga haushi ba dare ba rana. Na ɗaure shi da sarƙa, abin sai ƙara gaba yake yi. Maƙwabcina ya ce ko dai ciwon hauka ne ke shirin kama shi, ko kuma a yi masa dandaƙa ya natsu. Mene ne gaskiyar lamarin? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, abin da ka lissafa bai yi kama da ciwon haukan kare ba. Wannan ciwo farat ɗaya yake canza dabba: kare mai wasa ya koma ɓuya a lungu ko cizon duk abin da ya gani, dalala ta riƙa zuba, haɗiya ta gagara, ƙafafun baya su mutu, kuma daga bayyanar alamu da wuya ya wuce kwana goma a raye. Karen da ya shafe watanni yana tono, yana cin abincinsa, yana kaɗa maka wutsiya, lafiyarsa ƙalau. Sai dai tunda maganar ta taso, idan ba a yi masa allurar rigakafin haukan ba, ka kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan. Daga wata uku ake fara ta, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma ka adana katin.

Matsalar daga wajen uwarsa ta fito, kuma sai ka san aikin da aka ƙirƙiri irinta domin shi kafin ka fahimci ɗan nata. A shekarar 1819 wani ɗalibi a Oxford mai suna John Russell, wanda daga baya ya zama limamin coci a yankin Devon na Ingila, ya sayi wata 'yar karya fara mai ratsin ja daga hannun wani mai sayar da madara. Sunanta Trump. Daga gare ta ya fara haɗa irin karnukan da yake buƙata don farautar yanyawa, waɗanda a yau ake kira Jack Russell. Mafarautan can a kan dawakai suke fita, da manyan karnuka masu bin sawu. Idan yanyawa ta ji wuta sai ta faɗa rami, a nan ne aikin ƙaramin karen yake farawa: ya kutsa cikin ramin, ya tone inda ya matse, ya tsaya a gabanta yana haushi ba ƙaƙƙautawa har ta gaji ta fito. Dole ya iya bin dawakai wuni guda bai sare ba. Dole kuma ya iya yanke wa kansa shawara, domin a ƙarƙashin ƙasa babu mai ba shi umarni. Ko farin gashin ma da dalili, don kada a rikita shi da yanyawar idan ya fito daga rami.

To ka duba ƙorafinka. Tono, haushi, bin duk wani ƙaramin abu mai motsi, taurin kai, rashin gajiya. Shekaru ɗari biyu ana zaɓar karnukan da suka fi waɗannan halaye ana haɗa su, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Halin da ya sa ya share maka ɓerayen sito shi ne ya sa ya kashe 'yan tsakin. A idonsa duk abu ɗaya ne.

Uban kuwa, Chihuahua, asalinsa Meziko, kuma shi ne mafi ƙanƙantar irin karnuka, yawanci ba ya wuce kilo uku. Abin da yakan bai wa 'ya'yansa shi ne manne wa mutum ɗaya a gida, rashin yarda da baƙo, saurin jin sanyi, da ƙaramin baki mai cunkoson haƙora. Ruwa biyu irin naka yakan tsaya tsakanin kilo huɗu zuwa takwas, amma babu mai iya ba ka tabbacin wane ɓangare zai rinjaya, ko a ciki ɗaya sai ka ga wannan ya biyo uwa wancan ya biyo uba. Daga bayaninka, naka uwa ya biyo. Ga shi kuma yana ganiyar balaga, lokacin da ko karen da ya fi kowa ladabi yakan yi kunnen uwar shegu da kira.

Sarƙar nan ka cire ta. Ita ce ta ƙara dagula al'amarin. Ƙarfin da bai samu inda zai ƙone shi ba ne yake fitowa ta haushi da tauna, kuma kare da ya daɗe a ɗaure ya fi saurin zama mai cizo. Abin da yake buƙata aƙalla awa guda ce ta motsa jiki a kullum, a raba ta biyu: bayan asuba, da kuma yamma lis idan rana ta yi sanyi. A bazara ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta ko siminti. Idan ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Tafiya kawai ba ta isarsa. Ka sa yara su riƙa jefa masa ƙwallo yana ɗaukowa, ko jan tsohuwar igiya. A waje kada ka sake shi ba igiya, domin da zarar ya hango ƙadangare ko kyanwa ya manta da sunansa, ya manta da mota.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne hancinsa da ƙwaƙwalwarsa ma suna son aiki. Maimakon ka zuba masa abinci a kwano ya lashe cikin minti ɗaya, ka watsa rabinsa a cikin ciyawa ko ka ɓoye a ƙarƙashin gwangwanaye ya nema. Minti goma sha biyar na shinshina yakan kwantar da shi fiye da yadda za ka zata. Tonon kuma ba za ka iya hana shi ba, sai dai ka zaɓa masa wuri. Ka ware kusurwa ɗaya a tsakar gida, ka zuba yashi buhu biyu ko uku, ka binne masa abin wasa ko ɗan guntun nama a sama-sama yana kallo. Duk lokacin da ya nufi shukokin, ka ɗauke shi ka kai shi can, idan ya tona a can ka yaba masa. Gindin shukokin kuma a jera manyan duwatsu. Takalma a daina barin su a ƙofa, a ba shi abin taunawa nasa na kansa.

Horo a gajarce ake yi, minti biyar sau biyu ko uku a rana, da lada a hannu. Zo, zauna, bari: waɗannan uku sun isa farawa. Ladan ya zama dafaffen nama ko hanta ƙanana kamar ƙwayar wake, ba tsire ko kilishi ba, saboda yajin. Duka ba ya aiki a kan irin wannan kare. Idan ka dawo daga aiki ka tarar da ɓarna ka zane shi, abin da zai koya kawai shi ne dawowarka abin tsoro ce.

Kajin kuwa, gaskiya ɗaya ce: kada ka dogara da horo. Ka gyara akurki da waya mai ƙananan idanu, ka binne gindin wayar cikin ƙasa kamar taƙi guda don kada ya shiga ta ƙasa, kuma idan kaji suna kiwo shi yana kulle, idan shi yana sake su suna ciki. Haka zomaye da tattabaru. Ka duba katangarka ma, waɗannan karnuka suna tsalle nesa da abin da tsayinsu ya nuna.

Ta fuskar lafiya iri ne mai ƙwari. Wani binciken Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Royal da ke Landan, wanda ya fito a 2022, ya sami Jack Russell a sahun farko wajen tsawon rai a cikin karnukan Birtaniya, kimanin shekaru 12.7. Ma'ana riƙon da ka ɗauka na dogon zango ne. Abin da duka iyayen biyu ke iya gadar masa shi ne gocewar ƙoƙon gwiwa. Za ka ga yana cikin gudu sai ya ɗage ƙafar baya ɗaya, ya yi taku biyu ko uku a ƙafa uku, ya miƙe ta ya ci gaba kamar ba komai. Idan hakan na maimaituwa likita ya duba, kuma kada a bar shi ya yi ƙiba, nauyi ke tsananta ta. Ido da ya yi ja farat ɗaya, ko ya yi hazo yana rintsewa, na gaggawa ne a wannan iri, kada a kwana. Ka kuma buɗe bakinsa yanzu: a wata bakwai haƙoran yarinta sun kamata su gama zubewa, idan ka ga fiƙa biyu a jere wuri ɗaya, ta yarintar ce ta ƙi fita, a cire ta.

A ƙasarmu abin da ya fi kashe irinsu ba gadon jini ba ne. Ciwon parvo ne, mai sa amai da gudawar jini ga 'yan kwikwiyon da ba su kammala rigakafi ba, sai kaska da cututtukan jinin da take kawowa, musamman da damina. Ka riƙa duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, ya ƙi abinci, to asibiti. Kada a shafa masa fiya-fiya ko kananzir don kaska, kada kuma wani ya yi masa allurar Berenil ta shanu da ka; a jikin da bai kai kilo takwas ba ɗan ƙarin awo yana taɓa ƙwaƙwalwa. Paracetamol da ibuprofen na mutane ma guba ne gare shi. Maganin tsutsar ciki duk wata uku. Kuma tunda ga mai kama ɓera a gida, a daina sa shinkafar ɓera kwata-kwata, domin ko ita zai ci ko ɓeran da ya ci ta.

Abinci sau biyu a rana. Tuwo zalla ba ya riƙe shi. A haɗa da nama, ƙwai ko kifi marar ƙaya, ko a sayi abincin karnuka na buhu. Ragowar miya ba tasa ba ce, albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jini. Haka cakulan, inabi, goro da dafaffen ƙashin kaza. Ruwa kullum a inuwa, da hunturu kuma a shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo inda iska ba ta bugawa.

Batun dandaƙa, maƙwabcinka ya yi rabin gaskiya. Tana rage yawon neman mace, da ɗaga ƙafa a kowace kusurwa, da wani ɓangare na faɗa da sauran maza. Ƙananan karnuka ana iya yi musu daga wata shida zuwa sama, a asibiti, da allurar barci, ba a gida da reza ba. Amma ba za ta hana tono ko farautar kaji ba, don waɗannan ba daga nan suke fitowa ba. Ka gwada tsarin da na faɗa na wata guda cur. Idan ka ga babu wanda zai iya ba shi wannan awa ɗaya a gidanka, gara ka nema masa mai gona ko mai faffaɗan fili tun yana ƙarami, lokacin da sabo da sabon gida bai yi masa wuya ba.