Land Cruiser ɗina tana shaƙewa idan na taka totur

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Land Cruiser FJ60 ƙirar 1984 mai amfani da fetur, wadda nake jigila da ita tsakanin Gashuwa da ƙauyukan Yusufari. Watanni uku ke nan duk lokacin da na taka totur daga tsaye sai ta shaƙe kamar za ta mutu kafin ta ɗauka, wani lokaci har da tari ta kafireta. Haka kuma idan na daɗe ina janta cikin rairayi da ƙaramar giya sai ƙarfinta ya ƙare ta mutu, amma in na jira minti goma sai ta tashi lafiya. Bakanike ya wanke kafireta sau biyu, ya sauya fulogi, yanzu kuma ya ce in sayi sabuwa. Shin in saya?
Daga wani mai karatu a Gashuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka saya tukuna, domin abin da ka bayyana ya fi kama da ciwo biyu da suka haɗu a mota ɗaya, kuma mai yiwuwa ɗayansu ba ya cikin kafireta sam. Injin motarka shi ne 2F mai silinda 6 da girman lita 4.2, kafiretarsa kuwa ta kamfanin Aisan ce, wadda in dai jikinta bai tsage ba ana iya gyara ta ta koma daidai. Sau da yawa ta fi na kwaikwayon da ake sayarwa a kasuwa nagarta.

Mu fara da shaƙewar. Idan ka taka totur, iska ce ke fara kwarara cikin inji, fetur kuma yana biyowa daga baya saboda ya fi ta nauyi. Don cike wannan giɓi aka sanya wani ɗan famfo a jikin kafireta wanda ke fesa fetur a daidai lokacin da ƙafarka ta sauka. Gwada shi ba ya buƙatar kuɗi. Ka kashe inji, ka cire murfin matatar iska, ka buɗe cok, wato faifan da ke rufe bakin kafireta, sannan ka haska maƙogwaron kafireta da tocila yayin da wani ke taka totur. Ya kamata ka ga siririn zaren fetur yana fita da ƙarfi tun daga farkon takawa. Idan ɗigo kawai ka gani, ko bai fito ba sai totur ya kai rabi, to fatar da ke bakin famfon ta bushe ko ta cinye, ko kuma ƙofar feshin ta toshe. Akwai kuma ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke hana fetur komawa baya a hanyar famfon, waɗanda ba su kai ƙwayar dawa ba, kuma sukan faɗa cikin turɓayar gareji a lokacin wanki ba tare da an lura ba. Tunda sau biyu aka kwance taka, yana da kyau a tabbatar suna nan.

Tarin da kake ji alama ce ta iska ta rinjayi fetur, don haka idan famfon yana fesawa daidai, a nemi inda iska ke satar hanya. A bi ƙananan tiyon roba ɗaya bayan ɗaya, domin zafi yana tsattsaga su, a duba gasket ɗin ƙasan kafireta da kuma inda manifol, wato bututun da ke kai iska da fetur cikin inji, ya haɗu da kan inji, wurin da yakan karkace a wannan dogon inji. Abin da ba na so shi ne al'adar wasu kanikawa ta murɗa sukurun silo, wanda ke daidaita fetur idan ba a taka totur ba, har motar ta daina tari. Wannan rufe ciwo ne kawai, kuma kai ne za ka biya a gidan mai. Kafin a taɓa kowane sukuru, a daidaita taimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, da fitilarsa a kan digiri 7, a duba tazarar kwantak idan dilkonka, wato abin da ke raba wa fulogi wuta, mai kwantak ne, ta zama milimita 0.45, domin wutar da ta makara tana kawo shaƙewa iri ɗaya da ta kafireta.

Mutuwa cikin rairayi kuwa yunwar fetur ce. A ƙaramar giya inji yana shan mai da yawa, kuma idan abin da ke isowa bai kai abin da ake sha ba, ɗan kofin da ke cikin kafireta zai ƙafe. Kamfanin Aisan ya sauƙaƙa maka bincike, domin akwai ɗan tagar gilashi a jikin kofin, kuma fetur ya kamata ya tsaya a tsakiyarta. Ranar da ta sake mutuwa, ka buɗe bonet nan take ka leƙa. Idan tagar ta bushe, laifin yana tsakanin tanki da kafireta. Ka sassauta murfin tanki, in ka ji ya shaƙi iska to hucinsa ya toshe. Ka cire filtar mai ka zazzage ta a farar roba, za ka ga ko tsatsa ce ko ruwa, abin da ba a rasawa a tankin da ya haura shekara 40, musamman wanda ke shan man galan a hanya. Wannan datti yakan taru a bakin bututu yayin tafiya, ya koma ƙasa idan an tsaya, shi ya sa jiran minti goma ke aiki. Zafi ma yana iya tafasa fetur a cikin bututu, kuma jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai, wato wanda ke janyo fetur daga tanki, zai nuna maka haka idan motar ta tashi da wuri.

Ka kuma zaro sandar auna baƙin mai ka sansana. Idan tana warin fetur, mai yiwuwa robar cikin famfon mai ta huje tana zuba cikin inji, kuma bai kamata motar ta sake fita ba sai an sauya famfon da baƙin man gaba ɗaya. Duk waɗannan gwaje-gwaje a yi su a sarari, nesa da sigari da murhun mai shayi, kuma kada kowa ya sa fuskarsa a kan kafireta yayin da ake tayar da inji.