Kafin ka zuba man ruwa a madadin bota

Hamadu, jiya muna wanke farantan gashi ka tambaye ni: tunda bota ta yi tsada, kuma sai an shiga manyan kantunan Garwa ake samunta, me zai hana mu riƙa zuba man Diamaor, man audugar nan na kamfanin Sodecoton, a kek, awo ɗaya da na botar? Na ce ka bari sai mun sauke burodin asuba. To an sauke, jawo benci ka zauna.

Ana yi, ni ma ina yi. Amma ba a kowane kwaɓi ba, kuma ba awo ɗaya ba. Bota ba zallar mai ba ce. In ka ɗora giram 100 a sikeli, kimanin 80 ne maiƙo, wajen 16 zuwa 18 ruwa ne, ragowar kuma ɗan abin da ya saura na madara. Man da Sodecoton ke tacewa daga 'ya'yan auduga kuwa, ko man gyaɗa, ko na riɗi, maiƙo ne tsantsa, babu ɗigon ruwa. Ka zuba shi kai da kai da bota, kek zai fito da nauyi, ka taɓa shi ya bar maka maiƙo a yatsa. Inda aka ce bota giram 200, sa mai giram 160, ka cike gurbin da madara kamar giram 40. Kuma ka auna a sikeli, kada ka dogara da kofi, don litar mai ba ta kai kilo ba, giram 920 ce ko kusa da haka. In botar da aka saba da ita mai gishiri ce, ƙara ɗan gishiri da yatsu biyu.

Wannan lissafi ne, kowa zai iya. Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne: kafin ka cire bota, ka san aikin da take yi a cikin wannan kwaɓin.

Akwai inda ake narkar da ita a zuba. Burodi mai laushi, fanke, cincin, duk nan mai zai shiga ba gardama. Akwai ma kek ɗin da Faransawa ke yi da yogot, wanda tun asali da mai ake yinsa: kofi ɗaya na yogot, biyu na sukari, uku na fulawa, rabi na mai, ƙwai uku, da hodar tashi. Ni da kindirmo nake yi, kuma ya fi mini daɗi. Irin wannan kek ɗin yakan kwana biyu, uku, da laushinsa, domin mai ba ya daskarewa. Na bota in ya shiga firji sai ya yi tauri. Shi ya sa in mata suka zo neman kek na suna, wanda za a yanka a rarraba gida-gida har washegari, na mai nake ba su shawara.

Sai inda ake buga bota da sukari har ta yi fari ta kumbura. A nan fa ka nutsu. Ka ga lokacin da nake sa ka yi ta bugu hannunka na ciwo? Ƙwayoyin sukari ne ke huda botar, iska na shiga tana maƙalewa, saboda botar na da jiki. Wannan iskar ce ke buɗewa a cikin tanderu ta ɗaga kek. Mai ba shi da jikin da zai riƙe iska, ko ka wuni kana bugu. In dole sai da mai, to iskar daga ƙwai za ka nemo ta. Buga ƙwai da sukari har su yi kauri su yi haske, sannan ka tsiyaya man siriri-siriri kana juyawa, fulawa ta zo a ƙarshe da hannu mai sauƙi. Zai tashi. Amma katar-kar, wanda ƙwai da sukari da fulawa da bota ke zuwa nauyi ɗaya, ƙanshin bota shi ne kayan da mutum ya biya. Ka yi shi da mai, ka gaya wa mai saye da mai ka yi. Wannan amana ce, ba na wasa da ita a shagon nan.

Kurwasan kuwa, burodin nan mai falle-falle mai siffar jinjirin wata, cire shi daga ranka. Botar a daskare ake shimfiɗa ta tsakanin kwaɓi, a ninka, a murza, a sake ninkawa, ruwan cikinta ya zama tururi ya raba falle da falle. Mai zai jiƙe cikin fulawar ne kawai, ka sami burodi. Ko botar ma tana narkewa tun zafi bai wuce digiri 35 ba, mu kuma a Maris da Afrilu Garwa na haura 40. Abin da ya sa muke murza shi kafin kiran assalatu ke nan, ranar da aka ɗauke wuta kuma mu haƙura.

Wane mai? Na kek, wanda ba shi da ƙanshi. Man auduga tacacce ya dace, haka tacaccen man gyaɗa. Man gyaɗa na masu ƙuli-ƙuli mai kyau ne, a miya da suya babu kamarsa, amma ƙanshinsa na danne komai. Ina yaron shago kamarka na taɓa zuba shi a kek ɗin biki, uwar amarya ta dawo da shi, maigidana ya biya daga aljihunsa. Har yau abin na damuna. Manja kuma ka bar wa miya, launinsa da ƙanshinsa ba na nan ba ne.

Kada ka raina man shanun da Fulani ke kawowa kasuwa. Ɗanyensa bota ce, sai dai ruwansa ba ya da ƙa'ida, wani sa'in kuma da tsami. Soya shi a wuta kaɗan har kumfa ta kwanta, ka tace. Ya zama maiƙo zalla, lissafinsa irin na mai, kuma ya fi bota jure wuta, tunda guntun madarar da ke ƙonewa ya fita. Sai dai ka soya namu daban, ban da albasa. Nakan haɗa kashi ɗaya nasa da kashi uku na man auduga, kek ya sami laushi ya sami ƙanshi.

Yanzu tashi ka auna fulawa giram 250 sau biyu. Ɗaya da bota, ɗaya da mai yadda na faɗa, tanderu a digiri 180. Za mu yanka rabi yau, rabi mu rufe sai jibi, ka ɗanɗana da bakinka.