Allurar cike fuska tana gyara tsufa?

'Yar uwa, kin ce kumatunki sun fara zubewa, layin gefen baki ya yi zurfi, ko allurar fila za ta gyara. Eh tana taimakawa amma fa na ɗan lokaci ne. Yawanci sinadarin hayaluronik asid ne, irin su Juvederm da Restylane, yana cike gurbin kitsen da ya ragu, bayan wata 6 zuwa 18 jiki ya narkar da shi. Ɗan kumburi na 'yan kwanaki ba komai. Don Allah kar ki sayo a intanet ki yi wa kanki, in ya shiga jijiyar jini fata na iya mutuwa, har makanta ana samu. Likitan fata za ki nema, mai ajiye maganin narkar da shi. In wurin ya yi fari fat da ciwo mai tsanani, asibiti nan take.